Da gaske yaro ɗan shekara 11 ne ya tsara wannan kiɗan na mutum bakwai?

"Assalamu alaikum, Malam. Ɗana yana koyon piyano a makarantarsu, shekararsa 11. Kwanan baya muna neman abin da zai saurara a YouTube, sai muka faɗa kan wani kiɗa na mutum bakwai, wasu na busa wasu na goge, an rubuta a ƙasa wai Max Bruch ne ya tsara shi yana ɗan shekara 11. Ni dai zuciyata ba ta kwanta ba. Nawa yaron ko takalminsa sai an tuna masa inda ya ajiye. Da gaske ne, ko wani babba ne ya yi aka laƙaba wa yaro? Me ya sa kuma aka haɗa masu busa da masu goge wuri ɗaya? In har gaskiya ne, me ya kamata in yi wa nawa?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya raya yaro, ya yi masa albarka. Abin da kake son sani shi ne ko hannun yaro zai iya wannan aikin, da dalilin wannan haɗin na busa da tsirkiya, da kuma abin da labarin yake nufi ga ɗanka. Na farkon amsarsa a taƙaice ita ce e, gaskiya ne. An haifi Max Bruch, mai tsara kiɗa Bajamushe, ranar 6 ga Janairu 1838 a birnin Kolon na Jamus, rubutun kiɗan kuma yana ɗauke da kwanan wata 28 ga Agusta 1849. In ka lissafa, shekararsa 11 da wata bakwai da 'yan makonni. Ranar ma ba haka kawai ta faɗo ba, ita ce ranar da Goethe, babban marubucin Jamusawa, ya cika shekara 100 da haihuwa. Sunan kiɗan Septet, wato na mutum bakwai. Bruch bai taɓa wallafa shi ba yana da rai, bai ba shi lamba cikin jerin ayyukansa ba, sai shekaru da yawa bayan rasuwarsa aka fito da shi aka wallafa, makaɗa suka fara yi.

Amma faɗin "gaskiya ne" kawai ba zai kwantar maka da hankali ba, kuma kana da hujja. Sai an ga gidan da yaron ya tashi tukuna.

Gidan da ya tashi

Wanda ya daɗe yana sauraron Muryar Jamus ya san sunayen Kolon da Bonn, domin daga Kolon ake watso shirin Hausa kafin tashar ta koma Bonn a 2003. Biranen biyu suna bakin kogin Rhein, tazararsu ba ta wuce kilomita 30 ba. A Bonn aka haifi Beethoven, shahararren mai tsara kiɗa, a 1845 kuma aka kafa masa mutum-mutumi a tsakiyar garin, lokacin Bruch yana ɗan shekara bakwai. A lokacin yankin yana da babban bikin kiɗa da ke zagayawa tsakanin Kolon da Düsseldorf da Aachen, wanda Mendelssohn, wani fitaccen mai tsara kiɗa, ya jagoranta sau da dama kafin rasuwarsa a 1847. Cikin wannan iskar yaron ya buɗe ido.

Mahaifinsa ya karanta shari'a, babban jami'in 'yan sanda ne a Kolon. Mahaifiyarsa, Wilhelmine Almenräder, mawaƙiya ce kuma malamar waƙa, daga gidan makaɗa ta fito, ita ce ta fara koya masa. Yana ɗan shekara tara ya tsara waƙarsa ta farko, kyauta ga mahaifiyar ranar zagayowar haihuwarta. A shekarar da ya yi Septet ɗin ya fara ɗaukar darasin ƙa'idojin kiɗa wurin Heinrich Carl Breidenstein, malamin jami'ar Bonn.

Mu wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, mun dai saba ganinsa a wata siffa. Ɗan gidan makaɗan fada yana shekara goma ya san taken sarki, ya san inda ake shiga da inda ake tsayawa, ba tare da an taɓa zaunar da shi an ce yau darasi ba. Ɗan gidan malamai ya sauke Alƙur'ani yana shekara goma sha ɗaya ba wanda zai ce ƙarya ne. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. A zamanin Bruch babu rediyo, babu faifai. Wanda yake son kiɗa a gidansa sai ya yi da hannunsa ko ya gayyaci masu yi. Yaro irin Bruch kullum yana jin ɗaliban uwarsa suna maimaita kari ɗaya sau ashirin, yana jin inda suka kuskure da yadda aka gyara musu. Shekara biyar ko shida na irin wannan sauraro ba ƙaramin karatu ba ne.

Ba shi kaɗai ba ne ma. Mendelssohn tsakanin shekara 12 zuwa 14 ya rubuta kaɗe-kaɗe goma sha biyu na rukunin masu tsirkiya, ana yin su a gidansu a Berlin ranakun Lahadi, yana zaune yana jin abin da ya rubuta da kunnensa.

Me ya sa busa da tsirkiya

A nan ne gindin maganar yake. Bruch bai ƙirƙiro wannan haɗin ba, ya tarar da shi a shirye. Ranar 2 ga Afrilu 1800 Beethoven ya gabatar da nasa Septet ɗin a Biyana, babban birnin Austriya, mai lamba 20 cikin ayyukansa: kilarinet, ƙahon tagulla, basun, biyolin, biyola, celo, da kwantarabas, wannan ƙaton gogen da ya kai tsayin mutum. Uku na busa, huɗu na tsirkiya. Kiɗan ya karɓu har ya kai shi Beethoven ɗin yana jin haushin yadda mutane suka manne masa suka bar manyan ayyukansa na baya. An mayar da shi na piyano, an mayar da shi na 'yan kaya kaɗan, ya shiga gidaje. Daga nan sai masu tsara kiɗa suka bi sahu. Spohr ya yi na mutum tara a 1813. Schubert ya yi na mutum takwas a 1824, ya ɗauki kayan Beethoven duka ya ƙara biyolin na biyu.

Dalilin da haɗin ya yi farin jini a fili yake ga duk wanda ya taɓa zama cikinsa. Mutum bakwai za su shiga falo ɗaya, amma amon da suke fitarwa ya kusa na babbar ƙungiya. Tsirkiya tana da gudu da laushi, kuma ba ta gajiya. Busa tana da launi: kilarinet kamar muryar mutum mai taushi, ƙaho kamar kira daga nesa, basun kamar dattijo mai kaurin murya. Kwantarabas yana ƙasa yana riƙe da kowa. Kari ɗaya za ka ba biyolin, ka sake ba kilarinet, sai ka ji kamar sabon abu alhali ba a canza ko ƙwaya ɗaya ba. Ga yaro mai koyo wannan babbar rahama ce, domin kayan da kansu suna yi masa rabin adon.

Bruch ya ɗauki mazaunin sautin Beethoven, wato sautin da aka gina kiɗan a kansa, wanda Jamusawa ke kira Es, ya ɗauki masu busa ukun nan yadda suke. Ya buɗe da gabatarwa mai nauyi a hankali kafin a shiga gudu, ya sake yin haka a farkon sashen ƙarshe, duk kamar yadda Beethoven ya yi. Ya bambanta a wuri biyu. Beethoven sashe shida ya yi, Bruch ya tsaya a huɗu: mai gudu, mai natsuwa, mai tsalle-tsalle, sai na rufewa. Sannan ya cire biyola ya sa biyolin na biyu a gurbinta.

Wannan canjin na biyu ƙarami ne a ido, amma ni ya fi komai jan hankalina. Biyola tana sauka ƙasa da biyolin da taki biyar. Ita ce ke cike tsakiya, tsakanin muryoyin sama da celo. In ka cire ta, tsakiyar ta zama fili, dole wani ya shiga: ko basun ya hau, ko ƙaho ya riƙe dogon sauti, ko celo ya bar ƙasa ga kwantarabas ya ɗaga. A gefe guda kuma ka sami goge biyu masu murya iri ɗaya da za su iya tafiya kafaɗa da kafaɗa ko su riƙa amsa wa juna. Amon yakan fi haske, ya fi sauƙin nauyi. Duk wanda ya zaɓi wannan haɗin ya ɗauko wa kansa matsalar da kwafar Beethoven ba za ta warware masa ba.

Abin da yaron ya sani kafin ya ɗora alƙalami

Na shafe shekaru ina busa kilarinet, ina kuma koya wa matasa rubuta kiɗa, saboda haka bari in nuna maka wahalar daga ciki.

Abu na farko numfashi ne. Mai goge zai iya jan baka gaba da baya har gobe ba tare da sautin ya yanke ba. Mai busa sai ya shaƙa. Masu algaitarmu sun san dabarar cika kumatu su riƙa shaƙa ta hanci busa ba ta tsaya ba, amma kiɗan Turai na wancan zamani ba a kan wannan aka gina shi ba, an gina shi ne a kan jimla mai wurin hutawa kamar magana. Na taɓa samun ɗalibi, yaro mai basira, ya kawo mini kiɗan da ya tsara a kwamfuta. Ya ba kilarinet kari mai tsawon gaɓa goma sha shida (gaɓa ita ce awon da ake yanka kiɗa da shi a rubuce) ba ko ƙofar allura ta numfashi. A kwamfutar daɗi kamar me. Ban ce masa komai ba. Na jiƙa ɗan siririn karan da ake ɗaurawa a bakin kilarinet, na ɗaura, na fara busa masa abin da ya rubuta yana kallona. Wajen gaɓa ta goma jijiyar wuyana ta tashi, sautin ya fara rawa, ta goma sha biyu ya mutu. Ya karɓi takardarsa ya zauna a bakin taga da fensir, bayan rabin sa'a ya dawo ya raba karin biyu, ya ba biyolin rabi. Abin ya fi na farko kyau nesa ba kusa ba, domin yanzu akwai kira da amsa. Bruch bai da kwamfutar da za ta rufe masa wannan kuskuren. Mutane masu huhu ne za su busa, uwarsa kuma sana'arta ke nan, koya wa mutane inda za su shaƙa.

Abu na biyu ya fi ruɗarwa. Wasu kayan busa ba sa faɗin abin da aka rubuta musu. Kilarinet ɗin da aka fi amfani da shi, duk sautin da ka rubuta, abin da zai fito yana ƙasa da shi da cikakken taki ɗaya. Kenan in kana son ya daidaita da goge sai ka rubuta masa nasa layin sama da na kowa. Ƙaho ma nasa lissafin daban. Kwantarabas kuwa yana fitar da sauti ƙasa da rubutunsa da taki takwas. Mai tsarawa yana kallon layi bakwai a takarda, uku daga cikinsu ba sa nufin abin da ido ya gani, kuma dole ya ji jimlarsu a kansa. Manya ma suna tuntuɓe a nan.

Na uku shi ne ƙahon kansa. Tsohon ƙahon Turai bututu ne kawai naɗaɗɗe, ba maɓalli, kamar yadda kakaki yake da 'yan sautukan da tsawonsa ya ba shi ba ƙari. Mai busa yakan cusa hannu a bakin ƙahon ya samo waɗanda suka rage, amma amonsu a toshe yake. An ƙirƙiro maɓallan ƙaho wajen 1815, sai dai sun daɗe ba su kori tsohon ba. Har a 1865 Brahms tsohon ƙahon ya so a kiɗansa na mutum uku. Wannan ne ma ya sa ake son mazaunin Es a irin wannan haɗi: yana zauna wa ƙaho daidai, yana kuma faɗa wa kilarinet a yatsu cikin sauƙi.

Yaron da ya bi ta cikin waɗannan duka ya fito da kiɗa na kusan minti 25 da ƙwararru ke yi a yau ba tare da jin kunya ba, ya san aikinsa.

To, hannun babba fa?

Zaton da ka yi ba laifi ba ne, sai dai ina ganin tambayar ta fi kyau a juya ta. Ba a tambayar ko babba ya duba, domin kusan duk yaron da ya yi irin wannan an duba masa. Kaɗe-kaɗen farko na Mozart da hannun mahaifinsa Leopold aka rubuta su a littafi. Littafin darasin Mendelssohn yana nan har yau da gyare-gyaren malaminsa Zelter a ciki. Ni ma ba na barin ɗalibi ya kai aikinsa gaban makaɗa ban bi shi da jan biro ba. Gyara daban, yi wa mutum daban. Malami zai iya nuna maka inda muryoyi biyu suka yi karo, amma ba zai iya zuba maka kari a kai ba.

Iyakar abin da kunne zai iya ke nan, kuma ni da kunne da takardar da aka buga nake hukunci: kunne ba ya ware gaɓa ɗaya ya ce wannan ta malami ce. Abin da yake iya yi shi ne ya duba abin da ya biyo baya. Bayan shekara uku, a 1852, Bruch yana ɗan 14 ya ci tallafin karatu na Gidauniyar Mozart ta Frankfurt da kiɗan masu tsirkiya huɗu, a shekarar kuma aka yi wani babban kiɗansa na cikakkiyar ƙungiya a Kolon. Tallafin ne ya kai shi hannun Ferdinand Hiller da Carl Reinecke. Lura da cewa Hiller, wanda ya zama babban malaminsa, sai 1850 ya zo Kolon, bayan an gama Septet. Wanda aka yi wa aiki yana 11 ba zai ci gasa yana 14 ba, balle ya rubuta kiɗan biyolin da ƙungiya da duniya ta san shi da shi, wanda aka fara yi a 1866 ya kuma gyara shi da shawarar Joseph Joachim, gwanin gogen biyolin, aka sake fito da shi a 1868.

Akwai kuma wata shaidar da ta fi gamsar da ni, ita ce kiɗan yana da ƙamshin yarinta. A kunnena ƙarfinsa yana wurin kari, musamman a sashe na biyu mai natsuwa, inda za ka ji ɗan mawaƙiya ne ya rubuta. Inda ya fi rauni shi ne inda kusan duk yara suke da rauni: wurin da ake ɗaukar ɗan guntun kari a jujjuya shi, a kai shi nesa da gida, a tsananta, sannan a dawo. Wannan yana son haƙuri da sanin yadda ake jinkirta wa mai sauraro abin da yake jira, shi kuwa yaro in ya sami abu mai daɗi so yake ya sake faɗinsa. Za ka ji Beethoven a ginin, ka ji Mendelssohn a sauƙin tafiyar. Da babba ne ya yi don a yaba wa yaro, da ya ɓoye waɗannan sawayen.

Ba zan ce maka ya kai kiɗan masu tsirkiya takwas da Mendelssohn ya yi yana 16 a 1825 ba. Bai kai ba, kuma da wuya a sami aikin ƙuruciya da ya kai wancan. Amma ba abin kallo ba ne kawai na a ce "ji abin da yaro ya yi". Ko ba a gaya maka shekarunsa ba za ka saurare shi har ƙarshe.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne yadda mutumin bai sauya alƙibla ba. Ya rayu har 2 ga Oktoba 1920. Ya ga zamanin Wagner da Liszt bai bi su ba, ya ga na Strauss da Schoenberg ya juya musu baya. Ya jagoranci ƙungiyar makaɗa a Liverpool ta Ingila daga 1880 zuwa 1883, ya koyar shekaru kusan ashirin a Berlin. Shi ma, kamar Beethoven da nasa Septet ɗin, ya ƙare yana jin zafin yadda aiki ɗaya, wancan na biyolin, ya danne masa sauran, ga shi kuma ya sayar da shi ga mai bugawa kuɗi ƙasa tun farko, bai ƙara cin ribarsa ba. Da tsufa ya zo sai ya koma inda ya faro, kiɗan 'yan mutane kaɗan. A 1910 ya fitar da gajerun kaɗe-kaɗe takwas na kilarinet da biyola da piyano saboda ɗansa Max Felix, wanda mabushin kilarinet ne. A shekarar da ya rasu ya gama kiɗan masu tsirkiya takwas, da kwantarabas a ƙasa kamar yadda ya sa shi yana yaro. Shekara 71 tsakanin ayyukan biyu, kuma kari mai kama da waƙa shi ne a gaba a dukansu.

Game da ɗanka

Kada ka sa Bruch ya zama ma'aunin da za ka ɗora yaronka a kai, Malam. Na ga yaran da aka kashe wa sha'awa da "kai ba ka ga wane ba". Abin da za ka ɗauka daga labarin shi ne yanayin da ya samu: yana jin kiɗa kullum, yana da wanda zai duba masa, yana da samfurin da zai bi, kuma abin da ya rubuta mutane ne suke yi ba na'ura ba. Cikin waɗannan akwai waɗanda suke hannunka.

Mantuwar takalmi kuma kada ta dame ka, ba ta da alaƙa da kunne. Gwada shi da wannan: ka rera masa ɗan gajeren kari, ka ga ko zai nemo shi a piyano ba takarda. In yana yi, ko kuma kana jinsa yana ƙirƙiro nasa in ya ɗauka ba mai saurare, to ka roƙi malaminsa ya fara koya masa rubutawa, ba karantawa kaɗai ba. Ya fara da murya biyu, ba bakwai ba. In makarantarsu tana da 'yan busa na fareti, ya nemi abokinsa guda mai sarewa ko ƙaho ya rubuta masa gaɓa takwas, su gwada tare. Zai koyi abin da shekara guda a gaban kwamfuta ba za ta koya masa ba. Kada kuma a hana shi kwaikwayo. Ya ɗauki waƙar da yake so ya yi tasa a kan ƙirarta, haka Bruch ya yi da Beethoven.

Sannan ku sake sauraron Septet ɗin tare, amma a nemi wanda ake ganin makaɗan a bidiyo. Karo na farko ka ce ya bi kilarinet kawai, ya ɗaga yatsa duk lokacin da mabushin ya shaƙi numfashi, ya kuma lura da wanda ya karɓi karin a daidai lokacin. Karo na biyu ya bi basun, wanda ya fi wuyar ji domin yana ɓuya a tsakiya, inda biyola za ta zauna da tana nan. In ya iya bin basun daga farkon sashe zuwa ƙarshensa bai ɓace masa ba, ka rubuto mini, sai mu yi maganar mataki na gaba.